Makarantar kiɗa ta jami'ar Legon: sunanta ya kai a tura yaro?

Baban Nana:
Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar karatu a waje. Ɗan ƙanwata da ke hannuna ya samu bak bana, Alhamdulillahi, to amma yaron ya kafe shi kiɗa zai karanta, wai akwai makarantar kiɗa cikin jami'ar Gana da ke Legon kusa da Akara, can yake so. Ni dai na san ana zuwa Gana koyon Ingilishi, ana zuwa fatauci, amma karatun kiɗa har da diplom ban taɓa ganin wanda ya yi ba a unguwarmu. Uwarsa sai kuka take wai maroƙi zai zama. Don Allah wanda ya san tarihin makarantar nan da irin sunan da take da shi ya faɗa mini gaskiya, ba na son in zubar da kuɗi a banza kuma ba na son in tauye yaro.

Mushe Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam Baban Nana, Allah ya sa albarka a bak ɗin. Makarantar nan ba ta jiya ba ce. A 1962 aka buɗe ta zamanin Kwame Nkrumah, ƙarƙashin cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar, lokacin makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo ake ce mata, yanzu kuma kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo kowane da sashensa a cikinta. Wanda ya riƙe ta tun farko shi ne Kwabena Nketia, mutumin da duk wanda ya karanta kiɗan Afirka a kowace jami'a ta duniya sai ya ci karo da sunansa. Tun shekarun 1950 yake yawo ƙauyukan Gana da na'urar ɗaukar murya yana ɗaukar makaɗan fada da masu waƙar makoki da mafarauta, yana rubuta abin da ganga ke faɗa, ya shugabanci cibiyar daga 1965 zuwa 1979, daga baya ya koyar a Amurka, ya rasu a 2019 yana da shekara 97.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai dattijo Ephraim Amu wanda ya girme shi, shi wannan tun shekarun 1930 ƴan mishan suka sallame shi daga makarantar horon malamai saboda ya hau mumbarin coci da tufafin gargajiya kuma ya nace sai an yi amfani da kiɗan ƙasarsu, shi ne ya gyara sarewar gora tasu har ta zama ana koyar da ita a aji. Abin da ya sa nake ganin girman makarantar shi ne wannan: a lokacin da karatun kiɗa a ƙasashenmu yake nufin piyano da waƙar coci da badujalar soja, su suka ce gangar kakanninsu ma ilimi ce da za a zauna a karanta a jami'a.

Hajiya ta Zongo:
Mushe ka yi bayani mai kyau amma ba ka taɓa abin da ke damun uwar yaro ba. Ya gama ya dawo Damagaram da takardarsa, sai me? Wane ofis zai kai ta? Masu lisansi da masta na lissafi ma ga su nan suna kwantaragi, albashi sai an ga dama. Ni uwa ce, na san abin da take ji. Kuma mu faɗi gaskiya, a garin nan in aka ce wane makaɗi ne, ko daga Ingila ya zo da diplom, in ya je neman aure sai an tsaya an yi shawara.

Jikan Makaɗa:
Hajiya gaskiya kika faɗa, kuma ni abin a jikina yake. Gidanmu gidan busa ne, kakana algaita ya busa har ƙarfinsa ya ƙare, ni kuma teloranci nake yi, amma da na je neman aure wani gida aka ce a'a saboda asali, alhali ranar bikin ƴaƴansu mu suke aikowa a kira. Ya wuce, Allah ya ba ni wadda ta fi. Abin da nake so ku sani shi ne abin nan da ake rainawa karatu ne mai wuya. Ina yaro kafin a bar ni in taɓa algaita sai da aka ajiye mini ƙwarya da ruwa da siririn kara mai rami, a ce in hura, kumfa kada ta tsaya, in cika kumatu da iska in riƙa turawa da kumatun ina shaƙar wata ta hanci a lokaci ɗaya. Ruwa ya shiga hanci, ido ya yi ja, tsoho yana zaune gefe yana gyaran bakin algaitarsa bai ko kallonka, amma da kumfar ta yanke zai ce sake. Sai ka iya wannan sannan a ba ka ita ka manna leɓe a jikin ɗan faifan nan, daga nan a fara take, na sarki daban, na kowane mai sarauta daban, kuma ba a yarda ka busa na wani a gaban wani ba. Duk wannan a ka yake, babu takarda ko ɗaya. Mu jikoki a gidanmu babu wanda ya ɗauki rabin abin da tsoho ya sani.

Ɗan Birni:
Allahu akbar. Ranar hawan salla muna tsaye ƙofar fada muna jin kakaki da algaita tsigar jiki na tashi, ba mu taɓa tambayar yaya aka koya ba.

Mushe Mai Ritaya:
Jikan Makaɗa, abin da ka faɗa shi ne ainihin dalilin da ya sa na yabi Legon. Su ba su tsaya kan farfesoshi ba, sun ɗauko gwanayen gargajiya waɗanda ba su yi boko ba suka ba su aiki cikin jami'a. A 1962 ɗin nan Nketia da Mawere Opoku suka kafa ƙungiyar rawa da kiɗa ta ƙasa a can cikin cibiyar, aka tattaro makaɗa daga sassan Gana. Kakraba Lobi mai kaɗa balafon na arewacin Gana ya koyar a can, har duniya ta san shi. Akwai Salisu Mahama, Badagombe mai goge, gogen nan dai irin namu, shi ma a can ya yi aiki, ɗalibai har daga Amurka suna zama gabansa suna koyo. Ka ga irin kakanka da a can yake, malami za a kira shi, a ba shi aji da albashi.

Malam na Garin Malam:
Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Ba zan mai da wurin nan fagen fatawa ba, malamai sun yi magana mai yawa kan kiɗa, akwai wanda ya tsananta akwai wanda ya sassauta a wasu nau'o'i kamar na biki da na yaƙi da na sarauta, kowa ya koma ga malamin da ya amince da shi. Ni abin da ya fi damuna tarbiyya ce. Yaro ɗan shekara goma sha tara a kai shi ƙasar da ba uwa ba uba, cikin sana'ar da dare ne ranarta, wa zai tashe shi asuba? Baban Nana amana ce a hannunka, ka dubi wannan kafin ka dubi sunan makaranta.

Alhaji Mai Goro:
Malam Allah ya ƙara lafiya, maganarka abin dubawa ce, amma bari in kwantar maka da hankali ta wani ɓangare tunda hanyar Gana hanyata ce. Legon tana dab da Madina, unguwa ce cike da musulmi da masallatai, Hausa ake yi a kasuwa kamar kana kasuwar Dole ta Damagaram, ga Nima ita ma haka, ƴan Nijar ba iyaka. In an haɗa shi da maigida na kirki ba zai ɓace ba. Abin da zan ja kunnen Baban Nana a kai biyu ne. Na ɗaya Ingilishi, da shi ake karatun gaba ɗaya, yaron da ya taso da Faransanci sai ya fara zama ya koyi harshe tukuna kuma wannan ma kuɗi ne. Na biyu ɗalibin waje da dala ta Amurka ake yanka masa kuɗin makaranta, ba kamar ɗan ƙasa ba, ga haya a Akara da tsada, mai gida kuma yana son kuɗin watanni da yawa a dunƙule. In ba bursu, to a zauna a yi lissafi da sefa tun kafin a sa wa yaro rai.

Baban Nana:
Na gode Alhaji, wannan lissafin shi ne ban yi ba tukuna. Malam na ji, in sha Allahu ba zan yi gaggawa ba.

Ɗalibar Yamai:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne muna ta Gana Gana kamar mu ba mu da komai. A Yamai akwai CFPM Elhaji Taya, cibiyar koyar da kiɗa da aka buɗe tun 1989, akwai ɗakin ajiyar kayan kiɗan gargajiya a ciki, gurumi da goge da molo da kalangu da sauransu, kuma manyan mawaƙan ƙasar nan da yawa ta nan suka bi. Yakuba Mumuni Danke Danke a can ya goge kafin su kafa ƙungiyar kiɗa ta Mamar Kassey a 1995. Mahaman Garba da ya yi dokta a Faransa kan kiɗan Hausawan Nijar shi ma a can ya yi aiki. Sannan a jami'ar Abdu Mumuni an buɗe fannin fasaha da al'adu.

Amma wanda nake so ku tuna shi ne Malam Maman Barka, Allah ya jiƙansa, ɗan jiharmu ne, a Taskar aka haife shi, mushen lakwal ne kafin gurumi ya fito da shi. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Chadi wurin Bukar Tar, dattijon Buduma da ya rage mai kaɗa biram, abin kiɗan nan mai tsirkiya biyar mai siffar kwalekwale. Ya zauna gabansa ya koya kamar almajiri, dattijon ya ba shi biram ɗinsa, bayan rasuwarsa Maman Barka ya kai ta har Turai, shi da Umaru Adamu mai ganga. Da bai je ba da shi kenan an rufe babin. Shi ma ya rasu a 2018. To ni a ganina wannan shi ne aikin makarantar kiɗa, kuma ɗan boko ne ya yi shi, wanda ya san darajar abin ya kuma san yadda ake neman tallafi a rubuce.

Ɗan Birni:
Ƙanwata kin burge ni. Amma CFPM ai ba jami'a ba ce, yaron lisansi yake so.

Ɗalibar Yamai:
Haka ne yaya, ba jami'a ba ce. Ina nufin ya fara zuwa nan kusa a gwada shi, a ga ko da gaske yake ko kuwa bidiyon TikTok ne ke ɗibarsa. In solfej, wato koyon karanta kiɗa a rubuce, da atisaye na kullum ba su kore shi ba, sai a yi maganar waje. Kuma in wajen ne ma akwai Bamako, konsarbatuwar Balla Fasseke Kuyate, babbar makarantar kiɗa da fasaha da aka buɗe a 2004, da Faransanci ake karatu kuma sefa ce kuɗinsu.

Baƙo daga Kano:
Salamu alaikum mutanen Damagaram, ku ba baƙo wuri, kakata ƴar Matamai ce don haka ni ma na gida ne. Mu a Najeriya jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a 1961, har aka sa masa sunan Fela Sowande, shahararren mai kaɗa organ. Ta ma riga Legon da shekara ɗaya, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse ta, ta farfaɗo, kuma malaman kiɗa da yawa na kudancin ƙasar ɗalibanta ne ko ɗaliban ɗalibanta. Amma su kansu masanan can sun daɗe suna ƙorafin cewa manhajar ta fi karkata ga kiɗan Turawa, ɗalibi ya san Bach da Mozart ciki da waje, gangar garinsu kuma sama-sama.

Mu kuwa a arewa wata hanya muka bi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, jami'ar Jos ta ba Ɗan Maraya, a sassan Hausa an rubuta kundaye ba adadi kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata. To amma duba da kyau, baitin ake nazari, salo da jigo da azanci. Kiɗan kansa, yadda ake ɗaure kotso, yadda ƴan amshi ke shiga, yadda kalangu ke bin muryar mawaƙi, wannan kusan an bar shi. Mun adana maganar mun bar hannun da ke kaɗawa. Ina jin ku ma haka ne a nan.

Mushe Mai Ritaya:
Haka ne baƙonmu, ko ma in ce namu ya fi. Ma'azu Ɗan Alalo kowa a garin nan ya san waƙoƙinsa na fada, amma nawa ne cikin samarinmu za su iya gaya maka kayan kiɗan da ke bayansa da yadda aka jera su?

Jikan Makaɗa:
To ni a nan nake da ja, Mushe, da girmamawa. Kuna cewa a kai kiɗa jami'a, a rubuta. Wa ya ce yana rubutuwa? Na ga takardar solfej ɗin nan, layi biyar da ɗige-ɗige. Kalangu magana yake, kana matse tsirkiya a hammata kana sassautawa, murya na hawa tana sauka tsakanin ɗigon nan da wancan, in mahauci ya ji takensa ya san da shi ake tun kafin a buɗe baki. Wane layi ne zai ɗauki wannan? Tsorona shi ne yaro ya je ya koyo na takarda ya dawo yana gyara wa tsofaffi, ya ce musu ba su kan daidai, alhali shi ne kunnensa ya mutu.

Mai Jita:
Yaya Jikan Makaɗa tsoronka na da tushe amma bari in faɗi nawa, ni da nake cikin orkes shekara da shekaru muna biki muna suna muna kamfen. Mun taso muna jin Super Haske da Sani Abusa muna cewa mu ma sai mun kai can, da kunne muka koya, kaset a mayar baya a mayar baya har zare ya tsinke. Kunne na da kyau, amma ranar da aka haɗa mu da wasu mawaƙa baƙi a wani taro aka raba takardu aka ce gobe za a hau dandali, su suka duba suka fara, mu muka tsaya jiran a kaɗa mana mu ji tukuna, ranar na san abin da na rasa. Ba shi kenan ba, ba mu san kwantaragi ba, ba mu san haƙƙin mallaka ba, da yawanmu ba su taɓa yin rajistar waƙa ko ɗaya a BNDA, ofishin kare haƙƙin mallaka na Nijar, ba, sai ka ji waƙarka a bakin wani ba ka da ta cewa. Wanda ya iya haɗa sauti a situdiyo da kyau a garin nan ƴan kaɗan ne, shi ya sa mai ɗan hali yake tafiya Yamai ko Kano. Makaranta ba solfej kaɗai ba ce, duk waɗannan a ciki suke. Hajiya kina tambayar aiki, ga aiki nan: situdiyo, rediyo, kiɗan fim, koyarwa, badujalar soja da ta jandarma. Ba na ce zai yi arziki ba, amma wanda ya iya ba ya zama banza.

Hajiya ta Zongo:
Ɗana Mai Jita, kai da kake ciki tsakani da Allah, in ɗanka ne za ka tura shi?

Mai Jita:
Zan tura shi Inna, amma sai ya haɗa da wata sana'a a hannu. Ni ma gyaran rediyo da amfuli ne ke riƙe gidana in azumi ya zo biki ya tsaya.

Hajiya ta Zongo:
To ka ga wannan amsar na yarda da ita.

Mushe Mai Ritaya:
In koma kan maganar Jikan Makaɗa don ba ƙaramar magana ba ce. Su Nketia sun san layi biyar ɗin nan don kiɗan Turai aka yi shi, shi ya sa ba su dogara da shi kaɗai ba, suka haɗa uku: a ɗauki sauti a ajiye, a rubuta abin da ya rubutu har da kalmomin da ganga ke faɗa, sannan a zaunar da ɗalibi gaban gwani ya koya da hannu da kunne kamar yadda aka koya maka. Faya-fayan da suka ɗauka tun wancan zamani suna nan a ma'ajiyar cibiyar da yanzu ke ɗauke da sunan Nketia, jikan makaɗin da ya mutu shekara hamsin zai iya zuwa ya ji hannun kakansa. Mu fa? Tun shekarun 1960 Faransawa suka zo suka ɗauki makaɗan Nijar suka buga a faifai a Paris. Wanda ke son jin wasu tsofaffin namu yau sai ya nema a can.

Amma Baban Nana, kada yabon da na yi ya rufe maka ido. Sunan makaranta mutane ne suka yi shi, Amu ya rasu tun 1995, Nketia ya bi shi. Tarihi ba shi zai shiga aji ya koyar da yaronka ba. Ka sa a binciko su wa ke koyarwa yau, kayan kiɗa nawa ɗalibi ke taɓawa da hannunsa, awa nawa ake atisaye a mako, waɗanda suka gama shekarun nan ina suke. A nemi ɗalibin da ke ciki yanzu a yi magana da shi, ba takardar talla ba. Kuma ka sani in ya je kiɗan Akan da Ewe da Dagomba zai fi koya, ba na Damagaram ba. Hanyar aiki zai ɗauko, namu kuma sai ya dawo ya durƙusa gaban irin su gidan Jikan Makaɗa.

Ɗan Birni:
To ni tambayata, me zai hana a yi a nan? Muna da jami'a, kuma sunan wa take ɗauke da shi? André Salifou, masanin tarihi kuma marubucin wasan kwaikwayo, wanda ya rubuta wasa kan Sarki Tanimun. Garin da aka fara bikin matasa na ƙasa a 1976 zamanin Kunce, garin wasan kara, garin da fada ke da makaɗa da mabusa har gobe, ga Barebari ga Fulani ga Buzaye ga Tubawa kowa da kiɗansa a jiha ɗaya. Ba sai an gina bene ba, ɗaki biyu da na'urar ɗaukar sauti mai kyau da malami ɗaya mai takarda da tsofaffi huɗu da za a riƙa biya, an fara. In Gana ta yi shekara biyar bayan samun ƴancinta, mu me muke jira?

Malam na Garin Malam:
In za a yi irin wannan, a sa da waƙoƙin malamai na ajami da ƙira'ar makarantun allo da begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Su ma muryoyinsu na tafiya da tsofaffi. Akwai karin da mahaifina ke rera waƙar wa'azi da shi bayan isha'i, yau in na nemi mai yin sa a unguwa ba na samu. Ta wannan fuskar ba ni da ja.

Ɗalibar Yamai:
Malam wallahi wannan ya yi. Kuma a sa mata. Waƙar daka, waƙar niƙa, kiɗan ƙwarya, shantu, waƙar raino, tunda injin niƙa ya shigo ƴan matan yanzu ba su san ko ɗaya ba, kuma namiji ba zai shiga cikin gida ya ɗauko su ba, sai mace. Mu ɗalibai da ke dawowa hutu za mu iya farawa da wayoyinmu tun kafin jami'a ta motsa.

Jikan Makaɗa:
Ƙanwata a hankali dai. Ba na ƙi ba, amma akwai sharaɗi, don an sha zuwa gidanmu da na'ura, a ɗauka a tafi, ko kofi ba a dawo mana da shi ba, wata rana sai wani ya nuna maka a intanet da sunan wani. In za ku zo, ƙanen kakana yana nan da ransa, idonsa ya yi rauni amma kansa garau, take ɗaya bai manta ba. Ku fara zuwa gaisuwa hannu da goro ba tare da waya ba, ku zauna ku ji. In ya yarda, a rubuta sunansa da na ubansa da na wanda ya koya masa a kan kowane abu da aka ɗauka, a bar mana kofi a gida, kuma a biya shi lokacinsa kamar yadda ake biyan kowane malami. Sannan akwai taken da ba a busawa sai da izinin fada, wannan ko ya so ba zai yi muku ba sai an bi ta wurin masu sarautar abin.

Ɗan Birni:
Sharuɗɗan duk daidai ne. Maganar fada ku bar mini, akwai dattijon da zan bi ta wurinsa a nemi iso.

Mai Jita:
Ni kuma ina da mikro mai kyau da ƙaramar na'ura, kada a yi da waya, algaita na da ƙarfi, waya fasa sautin take. A yi da safe kafin iska ta tashi, kuma cikin zaure ba a fili ba. Amma a ina za a ajiye? Kada ya ƙare a kwamfutar mutum ɗaya ta lalace a ce shi kenan.

Ɗalibar Yamai:
Wuri uku: gidan masu abin, laburaren jami'a in sun karɓa, da CFPM. Zan rubuta takardar yarjejeniya da Hausa da Faransanci in turo nan a gyara, Mushe don Allah kai za ka duba mini Faransancin.

Mushe Mai Ritaya:
Turo ƴata, zan duba. Jikan Makaɗa, ka fara tambayar baba ko ya yarda, kuma wace rana ce ba ya da fita.

Jikan Makaɗa:
Zan same shi bayan magariba. Juma'a dai ku cire ta, yana fada tun safe. Kuma kada ku wuce mutum uku zuwan farko, ba ya son taro.